Jinin Ɗan Kallo A Wuyan Wa Ya Ke?

Mutum ya tashi daga gidansa lafiya lau da azahar, ya sa rigarsa, ya ce wa iyalinsa za shi kallon ƙwallo. Ya isa filin wasa, ya biya kuɗin ƙofa, aka yaga masa tikiti, ya shiga ya sami wuri. Magariba ta yi bai komo ba, lisha ta yi shiru, sai da safe aka aiko a zo asibiti a duba ko yana cikin gawawwakin da aka jera. Irin wannan ya auku a ƙasashe da dama, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Masu zuwa gaisuwa su kan ce kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya suka faɗa, ba Musulmin da zai yi musun wannan. Amma bayan an share makoki akwai wata magana da ta rage, watau ko akwai wanda ya kamata a kama da alhakin wannan rai, in kuwa akwai, wane ne.

Waɗansu mutane, da an ta da wannan magana, sai su ce ana jayayya da ƙaddara. Ba haka ba ne. Wanda aka kashe bisa kuskure ma ai kwanansa ne ya ƙare, duk da haka shari'a ta ɗora diyya, raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinariya, dangin wanda ya yi kisan su haɗu su biya cikin shekara 3. Da ambaton ƙaddara yana kankare lamuni, da ba a naɗa alƙali ko ɗaya a duniya ba. Ajali sha'anin Allah ne. Abin da a ke tuhumar ɗan Adam da shi sakacinsa ne.

Wannan matsala ba ta yau ba ce. A shekara ta 27 bayan haihuwar Annabi Isa, zamanin Sarki Tibariyas, akwai wani gari mai suna Fidena kusa da birnin Rum. Wani mutum ana ce da shi Atiliyus ya ga mutanen Rum suna ƙishin kallon masu faɗa da takubba, sai ya kafa musu wani makeken dandali na katako don ya sami riba. Bai bincika ƙarfin ƙasar da ya kafa shi a kai ba, bai kuma ɗaure itatuwan sosai ba. Ran wasa maza da mata, yara da tsofaffi, suka yi ɗango daga birni suka hau, ginin ya rufta da su. Wani marubucin tarihinsu, Tasitus, ya ce waɗanda suka mutu da waɗanda suka naƙasa sun kai 50,000. Aka kori Atiliyus daga ƙasa. Majalisar dattawan Rum kuma ta kafa doka biyu: kada wanda dukiyarsa ba ta kai 400,000 na kuɗin ƙasar ba ya ƙara shirya irin wannan wasa, kada kuma a ƙara kafa dandali sai a ƙasar da aka gwada aka tabbata tana da ƙarfi. Abin lura a nan shi ne dattawan ba su zargi waɗanda suka taho kallo ba, ko da ya ke yawansu ne ya karya katakon. Wanda ya kira su ya karɓi kuɗinsu, shi suka kama.

To, amma ba kowane rauni da ɗan kallo ya ji ne za a ɗora wa mai fili ba. Haɗarin wurin wasa iri biyu ne, kuma duk rikicin shari'a daga rarrabe su ya ke tasowa. Akwai haɗarin da ke cikin wasan kansa, wanda ba a iya cire shi sai an kashe wasan. Akwai kuma haɗarin da ke cikin gidan da a ke wasan, watau gininsa, da ƙofofinsa, da matakalansa, da masu tsaronsa.

A ɗauki na farko. Kowa ya san sukuwa ranar hawan salla, sa'ad da mahaya su kan sako dawaki a guje su zo su yi jahi gaban Sarki. Daɗin abin yana cikin gudun ne. Da za a ce kowa ya zo da tafiyar hawainiya don kada a taka wani, da ba wanda zai bar gidansa ya zo kallo. Wata ƙara mai kama da wannan ta taɓa zuwa gaban manyan alƙalan Ingila. A shekarar 1959 ana wasan dawaki a wani fili a Landan, sai wani mahayi ya sha kwana da gudun da ya wuce kima, dokin ya kauce daga hanya ya banke wani mai ɗaukar hoto da ke tsaye a gefe, ya ji masa mummunan rauni. Mai hoto ya yi ƙara. Da magana ta kai kotun ɗaukaka ƙara a 1962, alƙalai suka ce mahayi ba shi da laifi, don mutumin da ke tsakiyar gasa yana iyakar ƙoƙarinsa zai iya kuskuren lissafi cikin ƙiftawar ido, wanda ya zo kallo kuwa ya san haka. Sai fa in an nuna mai wasa ya yi ganganci, bai damu da ran 'yan kallo ba ko kaɗan.

Wanda ya karanta Risala zai tuna cewa a can an ɗora wa mahayi, da mai jan dabba, da mai kora ta, lamunin abin da ta taka. Watau hukuncin Risala ya fi duban wanda aka taka, na alƙalan Ingila ya fi duban mahayi. Kowane yana da hujja. Amma akwai wani mutum na uku, shi ne wanda ya shirya taron. Wa ya bar mai hoto ya tsaya inda kofato zai iya kai masa? Wa ya kamata ya ja igiya, ko ya kafa shinge, ko ya sa dogarai su mai da mutane baya? Mahayi yana da ƙiftawar ido ɗaya ya yi shawara. Mai taro yana da wata guda, ko shekara, ya zauna ya yi tunani. Wanda ya fi samun sararin tunani, shi ya fi cancanta a tambaye shi.

Daga nan sai haɗari na biyu, na gida, wanda shi ne ya fi cin rayuka nesa ba kusa ba. Masu filaye da yawa su kan buga 'yan ƙananan baƙaƙe a bayan tikiti, cewa duk wanda ya shiga ya shiga da yardarsa, abin da ya same shi ba ruwansu. Wannan dabara ce, ba adalci ba. Yarda ba ta tabbata sai da sani. Ɗan kallo ya san ƙwallo na iya tashi ta buge shi a fuska, ya kuwa yarda. Amma bai san gara ta cinye katakon da ya ke tsaye a kai ba, bai san an sayar da tikiti fiye da abin da wurin zai ɗauka ba, bai san an garƙame ƙofar fita mai mabuɗi ya tafi shan shayi ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Yaya za a ce baƙo ya yarda da yoyon da aka ɓoye masa? Balle ma mutane nawa ne cikin masu shiga fili za su iya karanta waɗannan baƙaƙe, ko su sami sukunin karantawa ana turereniya a bakin ƙofa? Majalisar Ingila ta gane haka, a 1977 ta yi doka cewa mai sana'a ba shi da ikon kuɓutar da kansa da irin wannan rubutu in sakacinsa ya jawo mutuwa ko rauni.

Malaman fiƙihu suna da wata mas'ala da ta dace da wannan ƙwarai, ita ce ta katangar da ta karkata. A Muhtasar an ce idan garun mutum ya karkata, aka yi masa gargaɗi, ya kuma sami halin gyarawa bai gyara ba, sa'an nan garun ya faɗa wa wani, to lamuni yana kansa. Ba shi ya tura garun da hannunsa ba, watakila ma yana barci lokacin da ya faɗi, amma shirunsa bayan sani ya zama aiki.

Ga misalin karkatacciyar katanga a zamanin nan. A birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan akwai filin ƙwallo mai suna Ibrox, na ƙungiyar Rangers. A wani ɓangarensa akwai wata doguwar matakala, ta 13, wadda dubban mutane ke gangarowa ta kanta in an tashi wasa. A 1961 aka yi matsatsi a kanta mutum 2 suka mutu. A 1967 aka sake, mutane suka ji rauni. A 1969 haka. Gargaɗi uku ke nan. Ran 2 ga Janairu, 1971, aka yi wasa tsakanin Rangers da Celtic, da aka tashi sai waɗansu suka faɗi a wannan matakala, na baya suka yi ta zubowa a kansu, ƙarafan dogarawa suka lanƙwashe, mutum 66 suka mutu, da yawansu samari ne da yara. Binciken farko bai ɗora wa kowa laifi ba. Sai wata mace da mijinta ya mutu a wurin ta kai ƙarar ƙungiyar. A 1974 alƙali ya saurari shugabannin ƙungiyar ɗaya ɗaya, ya ga ba su yi wani abin a zo a gani ba bayan haɗurran farko, ya yanke cewa sakacinsu ne ya jawo mutuwar, ya ce a biya matar fam 26,000 da ɗoriya. A shekara mai biye, 1975, aka kafa dokar da ta ce manyan filaye ba za su tara jama'a ba sai da takardar shaida daga hukuma, mai faɗin yawan mutanen da wurin zai ɗauka. Abin da dattawan Rum suka yi ke nan, bayan shekara kusan dubu biyu.

A duk inda irin wannan ya faru, maganar farko da ke fitowa daga bakin masu iko ita ce jama'a ne ba su da tarbiyya, su suka tattake juna. Wannan magana tana da daɗin karɓa, don wani lokaci akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari; akwai 'yan kallo masu jifa, da masu tsallake katanga, da masu shiga ba tikiti, kuma duk wanda aka gane ya yi haka ya kamata ya ɗauki nasa rabon. Amma wanda ya taɓa shiga cikin matsatsi na gaske ya san cewa in mutane suka cushe sosai ba mai sauran iko da ƙafafunsa. Na baya ba ya ganin abin da ke faruwa a gaba, shi dai yana ganin sarari ne ya matsa. Na gaba kuwa an danne masa ƙirji har ba ya iya jan numfashi, ya kan mutu yana tsaye, ba tare da an taka shi ba. Taro in ya kai haka ya zama kamar ruwa, inda aka yi masa hanya nan ya ke bi. Ba a kai ruwa ƙara. Wanda ya gina kwata, da wanda ya toshe ta, su a ke tambaya.

Ba inda aka ga wannan a fili kamar a Hillsborough, wani filin ƙwallo a garin Shefil na Ingila. Ran 15 ga Afrilu, 1989, ƙungiyar Liverpool za ta kara da Nottingham Forest. Magoya bayan Liverpool da aka ba wurin tsayuwa a bayan raga sun kai 10,100, amma 'yan ƙofofi masu juyawa da za su shiga ta cikinsu ɗaya ɗaya guda 7 ne tak. Lokacin wasa ya matso, jama'a ta taru a waje har aka ji tsoron za a yi ɓarna. Babban ɗan sandan da ke riƙe da wurin, David Duckenfield, ya ba da umurni a buɗe wata babbar ƙofar fita don mutane su shiga. Wajen 2,000 suka shiga cikin 'yan mintoci, suka miƙe ta wani lungu mai rufi da ke gabansu, wanda ya kai su cikin shinge biyu na tsakiya da sun riga sun cika. Ba wanda ya tuna ya sa a tare bakin lungun a karkata mutane gefe, inda akwai sarari. A gaba kuwa akwai dogon shingen ƙarfe da aka kafa don hana 'yan kallo shiga fili. A jikinsa aka matse mutane. Waɗanda suka mutu ta dalilin wannan rana sun kai 97.

Buɗe ƙofar nan, a ce kuskure ne na mutumin da abu ya rikice masa. Ana iya tausaya masa a kai. Abin da ya biyo baya ba kuskure ba ne. Tun a ranar ya ce wa shugabannin ƙwallo wai 'yan kallo ne suka ɓalle ƙofa. Wata babbar jarida ta buga cewa sun sha giya ne, har ta yi musu ƙazafin satar aljihun matattu. Alƙalin da gwamnati ta sa bincike, Lord Taylor, ya faɗa tun a 1989 cewa babban dalili shi ne kasawar 'yan sanda, amma kotun binciken mutuwa ta 1991 ta ce tsautsayi ne. Iyaye da matan mamatan, yawancinsu talakawa, suka ƙi yarda. Suka yi ta bin magana shekara da shekaru, waɗansu suka tsufa, waɗansu suka mutu a kan hanya. A 2012 aka tono takardu aka ga an canza bayanan 'yan sanda guda 164. A 2016, shekara 27 bayan abin, sabuwar kotu ta yanke cewa kisa ne ba bisa haƙƙi ba, 'yan kallo kuwa ba su da hannu a ciki. Duk da haka, da aka gurfanar da Duckenfield kan laifin kisa, a 2019 aka sallame shi. Mutum ɗaya kaɗai aka samu da laifi, magatakardan ƙungiyar da ke da filin, kan maganar 'yan ƙofofin nan 7, aka ci shi tarar fam 6,500.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwon ƙasashen Turai ne kawai. Ran 9 ga Mayu, 2001, a birnin Akra na ƙasar Gana, wanda fataken Hausawa ke kira Ankara, ƙungiyar Hearts of Oak ta ci Asante Kotoko ta Kumasi 2 da 1 ana gab da tashi. Waɗansu 'yan kallo suka fusata suka fara ɓalle kujerun roba suna jifa cikin fili. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin jama'a. Kowa ya nufi matakala don ya tsira da idonsa, suka tarar da ƙofofi a rufe. Fiye da mutum 120 suka mutu, da yawa daga cikinsu samarin unguwar Nima ne, inda Hausawa da sauran Musulmi ke zaune. Kwamitin bincike ya ɗora wa 'yan sanda laifi, aka kai manyansu 6 kotu, a 2003 kotu ta sallame su duka, ta ce masu ƙara ba su kawo hujjar da ta isa ba.

To, a nan maganar ta ke da wuya, ba kuwa daidai ba ne a ce alƙalan nan duk azzalumai ne. Kafin a ɗaure mutum kan kisa sai an tabbatar ba shakka cewa aikinsa ne, shi kansa, ya kashe. A irin wannan masifa kuwa hannuwa sun yi yawa. Wanda ya zana ginin ya rage faɗin matakala, wanda ya ba da takardar shaida bai je ya auna ba, mai sayar da tikiti ya ƙara a kan ƙa'ida, mai gadi ya kulle ƙofa don an umurce shi, ɗan sanda ya harba don ya tsorata. Kowane ɗaya in an tsai da shi shi kaɗai zai ce nasa bai isa ya kashe kowa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Laifin an gutsuttsura shi ne har ya zama ba a iya kama shi a hannun kowa, mamatan kuwa ga su a kwance.

Malaman farko sun yi tunani a kan mutumin da ya mutu cikin cunkoso, kamar a masallacin Juma'a ko wurin ɗawafi, ba a san wanda ya kashe shi ba. An ruwaito daga Sayyidina Umaru da Sayyidina Aliyu cewa a biya diyyarsa daga Baitulmali. Hasanul Basari ya ce a raba ta kan duk waɗanda ke wurin. Imamu Maliki ya ce ba a bin kowa, da ya ke ba a san mai aikin ba, ba kuwa a kama mutum da zato. Ibnu Hajar ya tara waɗannan ra'ayoyi cikin sharhinsa na Buhari. Amma ya kamata a lura, cunkoson da su ke magana a kai ba shi da mai shi. Ba wanda ya sayar da tikitin Juma'a, ba wanda ya kewaye masallata da ƙarfe ya riƙe mabuɗi. Filin ƙwallo kuwa yana da mai shi, sunansa yana rubuce a takarda, kuɗin ƙofa kuma cikin akwatinsa su ke shiga. Saboda haka matsalar fili ta fi kusa da ta katanga bisa ga ta cunkoson Juma'a.

Abin da ya fi dacewa shi ne a raba magana biyu. Ɗauri da horo, wannan sai da hujja mai ƙarfi a kan mutum da sunansa, kuma in ba ta samu ba a sake shi, ko da zuciya ba ta so. Diyya kuwa ba ta bukatar a gano wane hannu ne ya fi nauyi. Wanda ya tara jama'a ya ci riba, shi zai fara biya, sai dai in ya nuna ya yi duk abin da mai hankali zai yi. Nauyin kawo hujja ya koma kansa, don takardun gini da lissafin tikiti a ofishinsa su ke, ba a ɗakin marayu ba. In yana ganin 'yan sanda ne ko magini suka jawo masa, ya bi su daga baya ya karɓi nasa, wannan tsakaninsu ne. Don kada ya ce ba shi da abin biya, kada a ba shi iznin buɗe ƙofa sai ya nuna dukiya ko inshora da za ta ɗauki nauyi.

Baitulmali sai ya zo daga ƙarshe, in duk waɗannan sun gaza, don kada jini ya tafi a banza. Dalilin da ya sa bai kamata ya zo da fari ba shi ne kuɗin Baitulmali harajin talakawa ne. In gwamnati ta yi hanzarin kafa asusun taimako, kamar yadda aka yi a Gana, ta raba wa iyalai kuɗi, sa'an nan aka rufe magana, to, maƙwabtan mamaci ne suka biya, har da shi mamacin kansa da harajinsa na bara. Mai fili bai rasa ko kwabo ba, mai mabuɗi yana nan da mabuɗinsa, ran Lahadi mai zuwa kuma akwai wasa.